Kafin Ka Karɓi Littafin Mintin Ƙungiya

Fagge, Kano

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya sa ka tarar da abokan karatunka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki. Innarka ce ta sa maka wannan takarda a akwati, tsakanin darduma da riguna, amma ba ta san abin da ke cikinta ba. Na so in gaya maka da baki. Sau uku ina kiran ka zaure a cikin hutun nan, ka zo ka durƙusa, sai in ɓige da tambayar ka lacca da malamai, in sallame ka. Ka san halina, alƙalami ya fi mini sauƙi a kan in haɗa ido da mutum.

Ranar da ka dawo da labarin an zaɓe ka sakataren ƙungiyar ɗalibai, innarka ta rangaɗa guɗa, ƙannenka suka hau tsalle, ni kuwa na ce maka Allah Ya taya riƙo, na shige ɗaki. Na ga yadda fuskarka ta canja. Ka ɗauka ban yi murna ba ne. Gabana ne ya faɗi, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai daina faɗuwa ba. Ranar Litinin za a miƙa maka mukullin kabad ɗin ofishin ƙungiya. A cikinsa akwai littattafan minti na shekarun baya, inda kowane sakatare yake rubuta abin da aka yi a taro. Ka san na taɓa riƙe wannan kujera a jami'ar nan taku, iyakar abin da ka sani ke nan. Abin da ba ka sani ba shi ne, a littafin da na rubuta akwai shafi guda da na yi ƙarya, kuma ƙaryar ta raba mutum da karatunsa. Ba na so ka fara cin karo da shafin nan kai kaɗai a ofis. Ga shi kuma ka ce mini a makon farko za ku kira babban taro kan maganar ƙarin kuɗin abinci, ni kuwa a irin wannan taron na faɗi. Saboda haka ka samu wuri ka zauna, ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka karɓi mukullin.

Na shiga jami'a ina da shekara arba'in da ɗoriya, bayan an gama yaƙin basasa, lokacin da gwamnati ta fara tura tsofaffin malaman firamare ƙaro ilimi da albashinsu. Kai kana aji ɗaya a sakandare. Kuɗin mai ya fara shigowa, gari ya cika da sababbin motoci da rediyo mai kaset, mu kuma ɗalibai aka mai da mu 'yan gata. A wanke mana zanen gado, a share mana ɗaki, ranar Lahadi a ba kowa shinkafa da kaza. Ni da na saba da tuwon innarku da miyar kuka, makon farko kunyar cin abincin nake ji. Yaran da nake zama aji da su kuwa, wasu na haife su, shi ya sa suka laƙaba mini Baba.

A cikinsu akwai Rasaƙi. Ka san shi, mai gyaran rediyo a bakin Kasuwar Sabon Gari, ɗan Iya Sikira mai atamfa da ke bayan layinmu. Kakanninsa daga ƙasar Yarabawa suka zo, amma shi a Fagge aka yanke masa cibiya, kuma ni na koyar da shi a aji uku da aji huɗu. Ban taɓa samun ɗalibi mai kai irin nasa ba. In na yi tambaya aji ya yi tsit, ba na wahalar da kaina, sai in ce, "Rasaƙi, tashi." In ana neman mai goge allo kowa ya noƙe, "Rasaƙi, tashi." Bai taɓa ce mini a'a ba. Da na je jami'a na tarar da shi yana karatun injiniya, ya riga ni shiga, amma ko a ɗakin cin abinci ya hango ni sai ya taso ya karɓi farantina.

Shi ya jagoranci waɗanda suka zo ɗakina da zaɓe ya gabato. Ɗalibai sun rabu gida biyu, kowane ɓangare da nasa 'yan takara.

"Malam," in ji shi, "kujerar sakatare ce ta gagara, ba wanda ya yarda da ɗan ɓangaren wani. Amma da aka ambaci sunanka kowa ya yi shiru. Kai ne babba, ga rubutu mai kyau. Ka taimake mu."

Na ce, "Rasaƙi, karatu na zo yi, ba siyasa ba."

"Ai ba siyasa ba ce, Malam. Rubutu ne kawai, kamar rajistar aji."

Wallahi maganar ta yi mini daɗi, kaina ya ɗan kumbura. Ranar bayyana manufa sauran 'yan takara suka yi ta zuba Turanci suna dukan tebur, ni na tashi na ce zan riƙe amana, na zauna, aka ɗauki tafi kamar na faɗi wani abin kirki. Bayan zaɓe aka ba ni ɗan littafin tsarin mulkin ƙungiya. Na sa shi a aljihu, daga aljihu ya koma ƙarƙashin katifa. Na ɗauka shekara ashirin da na yi ina riƙe aji ta ishe ni riƙe ƙungiya. Kuskurena na farko ke nan.

To kai ka karanta naka tsarin mulkin, tun daga bango har bango, yau ɗin nan. Ga abin da na gano a makare. Ƙungiyar hawa uku ce. Ku 'yan zartarwa, wato shugaba da mataimakinsa da kai da ma'aji da masu kula da walwala da wasanni, ku ne masu aiki, amma ba ku ne masu iko ba, komai girman rigar da shugabanku zai sa. Sama da ku akwai majalisar wakilai, wadda kowane ɗakin kwana da kowace tsangaya ke aiko mata da mutum, tana da kakakinta. Ita ke amincewa ko ta ƙi abin da kuka kawo, tana kuma iya tsige ku. Sama da kowa akwai babban taron ɗalibai duka, kongires ɗin nan da kuke ji da shi. Shi kuwa ba ya zama taro don kawai mutane sun cika fili. Sai an liƙa sanarwa tun da wuri. Sai an ƙirga an ga adadin da littafin ya ƙayyade ya cika. Sai wani ya tashi ya faɗi sunansa ya kawo ƙuduri, wani ya tashi ya faɗi nasa ya mara masa baya, sannan a ɗaga hannu a ƙirga. Yara suna ganin wannan ɓata lokaci ne, ni ma haka na gani. Yanzu na san an tsara shi ne don a san wanda ya ɗauki nauyin magana, kada a ɗora wa wanda bai ɗauka ba.

Rigimarmu a kan kaza ta tashi, kada ka yi dariya. Aka wayi gari an daina ba da kazar Lahadi, ba sanarwa, ba a kuma tuntuɓi kwamitin abinci da muke da wakilai a cikinsa ba. A Fagge mutane na fama da neman na cefane, mu muna can muna huci a kan cinya da fiffike. Amma in za a faɗi gaskiya, ba kazar ce ta ƙona wa yaran rai ba, rainin ne. Shugabanmu, wani ɗalibin shari'a mai zaƙin baki, ya ce a buga ƙararrawa a tara mutane bayan la'asar a filin gaban ɗakin cin abinci. Ba a liƙa wata sanarwa ba. Aka kawo mini tebur da kujera, na zauna da littafina.

Ban taɓa jin hayaniya irin ta ranar ba. Kakaki yana magana a lasifika amma ba mai jin sa. Daga can baya wasu suka fara ihu, "A kulle kicin! A kulle kicin!" Ban ga fuskar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Sai Rasaƙi ya hau benci ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, ku saurara! Mu tura mutum biyar su gana da hukuma tukuna. In an hana su shiga, sai mu san abin yi."

Aka yi masa ihu, wani ya jawo rigarsa, ya sauko. Shugaba ya ga inda jama'a suka karkata, ya fizge lasifikar daga hannun kakaki ya ce, "Masu cewa a kulle kicin?" Fili ya ɗauka gaba ɗaya. Ya ce, "Ƙuduri ya wuce!" Shi ke nan taron.

A nan ne ya kamata in miƙe in rufe littafina, in ce ba a ƙirga kowa ba, ba wanda ya kawo ƙuduri, wannan ba taro ba ne. Ko da ban karanta tsarin mulki ba, zuciyata ta gaya mini abin bai yi daidai ba. Amma tsoro ya kama ni, tsoron kada yaran da ke ce mini Baba su koma ce mini ɗan koren hukuma. Na sunkuyar da kai ina ta zane-zanen banza a takarda. Kafin magariba an farfasa tagogin kicin, a cikin turereniya tukunyar miya ta kife wa wani dattijo mai dafa abinci, ta ƙona masa hannu har kafaɗa. Washegari aka liƙa sanarwar rufe makaranta, aka ce kowa ya bar harabar kafin azahar.

Kabiru, ranar taronku za ka ji wannan tsoron. Ban ce kada ku nemi haƙƙinku ba. Ina da tsofaffin ɗalibai 'ya'yan talakawa waɗanda ƙarin nan zai iya mayar da su gida, na san ciwon. Amma in ihu ya tashi daga baya, ka miƙe ka ce a ƙirga mutane, ka ce mai ƙuduri ya fito ya faɗi sunansa da bakinsa. Za su ce maka matsoraci, za su ce an saye ka. Zagin nan kwana uku yake yi ya wuce. In sun ƙi, ka rubuta cewa ba a ƙirga ba, ka rubuta ƙarfe nawa ne, ka rufe littafinka a gaban idonsu, ka tashi. Mai ihun da ya ƙi faɗin sunansa, ya san abin da yake gudu.

Da safen da za mu tafi, ina haɗa kaya, shugaba ya shigo ɗakina ya turo ƙofa. Zaƙin bakin nan duk ya gudu, leɓensa a bushe.

"Baba, ka rubuta mintin jiya?"

"Na fara. Amma gurbin wanda ya kawo ƙuduri babu kowa."

"Ka cike shi. In babu suna za a ce taron haramtacce ne, mu 'yan zartarwa muka tunzura mutane, har da kai. In akwai suna, kongires ne ya yanke, ba mai kama kongires. Mai mara baya ka sa ni, ba komai."

"Na farkon fa, sunan wa zan sa?"

"Kowa ma, Baba. Ƙa'ida ce kawai. Wa zai karanta?"

Ya fita. Na zauna ina kallon gurbin nan. Shekara ashirin ban taɓa miƙa wa hedimasta rajista da gurbi a buɗe ba, ganinsa ma damuna yake. Na yi ƙoƙarin tuna wanda ya tashi ya yi magana a fili, fuska ɗaya ce ta zo mini. Kuma shi kaɗai ne na san cikakken sunansa da na mahaifinsa ba sai na tambaya ba. Na ce a raina, ai nawa ne, in mun isa gida zan gaya masa, ba zai damu ba. Yadda bakina ya saba cewa "Rasaƙi, tashi" in aji ya yi shiru, haka hannuna ya rubuta Abdurrazaƙ, sunansa na yanka. Ban rubuta cewa ya nemi a tura wakilai ba, don maganar ba za ta zauna da abin da na riga na sa ba.

Mota ɗaya muka shiga da Rasaƙi zuwa Kano. Shi ya ɗaukar mini jaka daga tasha har ƙofar gida, littafin yana cikinta. Na buɗe baki zan gaya masa a bakin zaure, sai na ce bari dai gobe.

Kada ka taɓa cike gurbi don takarda ta yi kyau. Gurbin da ba kowa, ka bar shi ba kowa, ka ja layi a kai. Kuma ka ji tsoron kalmar nan "ai nawa ne". Ban zaɓi Rasaƙi don ina ƙin sa ba, na zaɓe shi don na san shi ne ba zai ɗaga mini murya ba. Kana da abokai irinsa, waɗanda suka yi maka yawon neman ƙuri'a ɗaki ɗaki. Ranar da aka matsa ka, sunayensu ne za su fara zuwa bakin alƙalaminka.

Kwana huɗu da rufe makaranta, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Malam Tanko ne, mai kula da harkokin ɗalibai. Shi ya koyar da ni a kwalejin horon malamai, shi ya rubuta mini takardar shaida da zan shiga jami'a. Ya taso takanas, ya zauna a tabarmar zaurenmu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Isa," in ji shi, "an kafa kwamitin bincike, suna son ganin littafin minti. Na ce musu ba sai an aika maka da takarda ba, ɗalibina ne, ni zan je."

A kwana huɗun nan na zauna na karanta tsarin mulki, na san littafin na majalisa ne, ba ya fita sai ta zauna ta yarda. Na kuma san abin da ke shafin. Ina iya cewa, Malam, a ba ni kwana biyu. Ina iya cewa, Malam, akwai kuskure a ciki, ni na yi shi. Amma mutumin da ya koyar da ni ya tako har zaurena, ta ina zan fara? Na shiga ɗaki na ɗauko, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Ban ga laifin Malam Tanko ba, aikinsa ya yi. Ni na tarbiyyantar da kai a kan girmama na gaba, ban kuma janye ba. In babba ya kira ka ofis, ka cire takalmi in wurin cirewa ne, ka rusuna ka gaishe shi. Amma littafin nan ba naka ba ne balle ka yi kara da shi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, zan kai wa majalisa, abin da ta ce shi zan yi." Ba rashin kunya ba ne. Abin da ya fi wannan kuma, ka rubuta shi yadda ko wane ne ya buɗe, cikinka ba zai ɗuri ruwa ba.

Da aka buɗe makaranta aka kira ni gaban kwamitin. Mutum biyar a bayan dogon tebur, fanka na juyawa a sama, littafina a buɗe a gaban shugabansu.

"Wannan rubutunka ne?"

"Nawa ne."

"Ɗalibin nan ya ce bai kawo ƙuduri ba. Ya ce shi cewa ya yi a tura wakilai. Kai dattijo ne, malamin makaranta, mun fi yarda da kai a kan yaran nan. Abin da ka rubuta, haka ya faru?"

Na tuna ku biyar da innarku. Na tuna da albashin gwamnati nake karatun, in aka kore ni da laifin ƙarya a takarda, aikin ma ya tafi. Duk wannan a cikin numfashi ɗaya. Na ce, "Haka ya faru."

Aka dakatar da shugaba na shekara guda, ya dawo ya gama, yanzu lauya ne a Ikko. Rasaƙi kuwa aka kore shi, saura wata uku ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe. Ni ko gargaɗi ba a yi mini ba, har ma aka yaba mini da na taimaki bincike.

Iya Sikira ta zo har gidanmu, ta zauna a tsakar gida wajen innarka ta sa aka kira ni. Idonta ya kumbura.

"Malam, kai ne ubansa a can. Ka yi musu magana, suna jin taka. Yaron nan bai iya rigima ba, ka san shi tun yana ƙarami."

Na ce, "Za mu duba, Iya."

Ta yi ta sa mini albarka har ta fita. Har yau kowace Sallah sai ta aiko mana da abinci, kai da bakinka kake yabon miyarta. Ni ban taɓa iya haɗiye shi ba, innarka ta ɗauka yajin ne ya yi mini yawa.

Na gama, na karɓi digiri, aka ba ni mataimakin firinsifal, na sayi babur, daga baya na sayi mota. Abokan karatun Rasaƙi yanzu rububinsu ake yi, ko'ina gini ake, ko'ina ana jan waya, injiniya ba ya kwana bai samu aiki ba. Shi yana zaune a shago mai faɗin tabarma biyu, ya yi aure ya koma unguwar Kwaciri da zama. Shekara biyar in zan shiga kasuwa sai in zaga ta wata ƙofar. Wannan shirun shi ne kuskuren da ya fi duka tsawo, don sauran a yini ɗaya na yi kowannensu, shi kuwa kullum da safe nake sabunta shi. In ka yi wa mutum laifi, ka same shi ranar. Kowace rana ka ƙara, bakinka ƙara nauyi yake.

Larabar da ta wuce na je shagonsa. Zaɓenka ne ya kai ni, ba jarunta ba. Na same shi ya buɗe cikin wata rediyo yana liƙa waya da dalma, kaset na tashi daga shaguna uku a lokaci guda. Ya gan ni ya miƙe, ya share mini benci da hannun rigarsa.

"Malam, da kanka? Ai da ka aiko."

Na zauna na gaya masa abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Yana saurare, idonsa a kan rediyon. Da na gama ya ce,

"Na sani, Malam."

"Ka sani?"

"'Yan kwamitin sun nuna mini shafin. Kai ka koya mini rubutu, ta yaya zan kasa gane hannunka?"

"To me ya hana ka tona ni? Fili cike yake da waɗanda suka ji abin da ka ce."

Ya ce, "Bayan ka fita sun sake kirana. Na ce musu ban kawo ƙuduri ba. Sai shugabansu ya ce, to kana nufin malaminka ƙarya ya yi? Suka zuba mini ido su biyar. Malam, na buɗe baki, abin ya ƙi fitowa. Sau biyu yana tambayata. Da na yi shiru suka rubuta abin da suka rubuta."

Ban san hawaye na zuba ba sai da na ji shi a gemuna, a tsakiyar kasuwa, mutane na wucewa. Na ce ya yafe mini don Allah.

"Malam, ba zan yi maka ƙarya ba, yau yafiya da wuya. Jami'a kuma ta wuce ni, ina da iyali. Amma na ji an zaɓi Kabiru. Ni ma ina da ɗa yanzu, in Allah Ya raya shi wata rana zai shiga makarantar nan. Ba na so ya buɗe littafi ya ga ubansa ne ya sa aka ƙona dattijo. A gyara shafin. Iya kuma kada ta ji daga bakin kowa sai nawa."

To ka ji abin da ya nema, bai kuma nemi komai bayan wannan ba. Tsarin mulkinku ya ba sakatare damar kawo gyaran tsohon minti gaban majalisa. Sai an karanta gyaran a fili, majalisa ta amince, sannan a shigar da shi. A bayan wannan takarda akwai ta biyu, gajeriya, da sa hannuna. Na faɗi abin da Rasaƙi ya ce a kan benci, na faɗi abin da na rubuta, na faɗi abin da na amsa wa kwamiti. Kwafinta na aika wa hukumar jami'a ta gidan waya jiya, don kada in samu damar janyewa. Ban san abin da za su yi da ni ba. Wataƙila aikina, wataƙila digirin kansa. Innarka zan gaya mata da zarar motarku ta tashi.

Na san nauyin da nake ɗora maka, a makonka na farko, ga babban taro a gabanku. Waɗanda ka kayar a zaɓe za su samu abin faɗa. Za a nuna ka a ɗakin cin abinci a ce ga ɗan wane. Wataƙila ma a nemi tsige ka. Da akwai wanda zai ɗauka ba kai ba, da ban ba ka ba, amma kujerar a hannunka take. Ka karanta takardar ta biyu a zaman majalisa na farko, kafin kongires, don yaran su ji abin da gurbi ɗaya ya jawo kafin su fita fili. Ka karanta a tsaye, da ƙarfi, kada ka tsallake sunana.

Wani zai miƙe, na tabbata, ya tambaye ka ko kana nufin mahaifinka ƙarya ya yi. Bakinka zai yi nauyi, don ni na rene ka a kan haka. Ka ce e. Na yafe maka wannan kalmar tun yanzu, duniya da lahira.

Allah Ya tsare mini kai a ɗaki da aji da fili. Allah Ya raba ka da ihun jama'a da tsoron manya, Ya sa a gama taronku ba wanda ya zubar da jini ko hawaye, Ya dawo mana da kai lafiya. In ka dawo kana iya kallon idona, na gode wa Allah. In ba ka iya ba tukuna, zan jira.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa